A Sakaya Sunana: Jagora Ga Mai Son Yin Rubutu Ba Tare Da Bayyana Kansa Ba

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san magana a garin nan ba ta tsayawa a kan wanda ya faɗe ta. Ka rubuta abu da safe a kan shugaban wurin aikinku ko mai gidan da kake haya, kafin la'asar an kira mahaifinka, an tare yayanka a ƙofar masallaci, an aika wa surukinka. Daga Kwarbai zuwa Tudun Wada, daga Sabon Gari zuwa Samaru, kowa ɗan gidan wane ne, ɗalibin malam wane ne. Wannan zumunci alheri ne babba, amma shi ne kuma yake rufe bakin mutane da yawa waɗanda suka ga ɓarna da idonsu: ma'aikaciyar jinya da ta ga ana sayar da maganin da aka kawo kyauta, ɗalibar da malami ya matsa wa, akawun da ya ga sunayen ma'aikatan da babu su a takardar albashi. Irin waɗannan su ne suke cewa ɗan jarida, “Zan faɗa maka, amma a sakaya sunana.”

Ina ganin suna da haƙƙin yin haka, kuma ina ganin al'umma tana amfana. Sai dai ɓoye suna yana da tsada, mai son yinsa ya kamata ya san kuɗin tun kafin ya taya. Al'adarmu ta ilimi al'adar bayyana suna ce. Marubutan waƙoƙinmu na ajami sukan faɗi sunansu a baitocin ƙarshe, wani har da na mahaifinsa da garinsu. Malaman hadisi ba sa kafa hujja da ruwayar mutumin da ba a san ko wane ne ba. Saboda haka mai karatu Bahaushe, da ya ga rubutu babu suna, abin da yake fara tambaya shi ne, “Wa ya faɗa?” In babu amsa, rabin nauyin maganar ya tafi. Duk matakan da ke tafe, ƙoƙari ne na mayar da wannan nauyi ta wata hanya, ba tare da ka jefa kanka ko wani cikin masifa ba.

Mataki na farko: faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake tsoro

Ka zauna ka rubuta wa kanka amsar wannan tambaya: in sunana ya fito, me zai same ni? In amsar ita ce za a kore ka daga aiki, ko a kayar da kai a jarrabawa, ko aurenki ya shiga matsala, ko a taɓa lafiyarka, to kana da dalili. Haka nan mai son yin magana a kan ciwon da mutane suke ƙyama, ko shaye-shayen da ya daina, ko bashin da ya yi masa katutu, don wani ya ƙaru. Shi ma yana da dalili mai ƙarfi, kuma rubutunsa ba ya cutar da kowa.

Amma in amsar ita ce, “Zan ji kunya in aka san ni na faɗi wannan, don ba ni da tabbas,” ko “Wanda nake nufi zai iya mayar mini da martani,” to ajiye alƙalamin. Kariya kake nema daga gaskiya, ba daga zalunci ba. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan: da za a ba ka tabbacin babu abin da zai same ka, za ka iya tsayawa gaban mutumin da shaidu ka maimaita kowace kalma? Duk jimlar da ba za ka iya maimaitawa ba, share ta.

Mataki na biyu: zaɓi iyakar ɓoyewar da kake bukata

Ɓoye suna hawa-hawa ne, kuma mutane da yawa suna zaɓar mafi tsanani alhali mafi sauƙi ya ishe su.

Akwai sunan alƙalami, wato laƙabin da kake rubutu da shi kullum. Jaridun ƙasar nan sun daɗe da saninsa. Peter Enahoro ya yi suna da Peter Pan, Sam Amuka da Sad Sam, jaridar New Nigerian ta Kaduna kuma, wadda ta fara fita a 1966, ta shahara da shafin Candido, wanda masu mulki suke karantawa da faɗuwar gaba. Yau ma marubuta mata da yawa suna fitar da labaransu da sunan Maman wane ko Ummu wance. Amfanin laƙabi shi ne yana tara mutunci kamar suna na gaskiya: in ka yi shekara kana faɗin abin da ya tabbata, za a yarda da kai, in ka yi ƙarya sau ɗaya, laƙabin ne zai zube. Wannan nauyi yana gyara marubuci.

Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya san ka, edita ko ɗan jarida ko lauya, jama'a ba su sani ba. Ga mai tona asirin ɓarna, wannan ne na fi ba da shawara, domin akwai mai tantance maganarka, akwai kuma mai tsaya mata da sunansa. Sai dai ka zaɓi mutumin da kyau. A 1984, a ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, ba su kuma fallasa wanda ya ba su labari ba. Ba kowane mai riƙe da waya yana kiran kansa ɗan jarida ne zai yi haka ba. Ka bincika aikinsa na baya. Ka tambaye shi kai tsaye: wa zai ga sunana bayan kai, kuma a ina za ka ajiye shi?

Na uku shi ne babu wanda ya san ka ko kaɗan. Shi ya fi wuyar riƙewa, shi ya fi saurin shiga kwandon shara, kuma in abu ya ɓaci babu mai kare ka, tunda babu wanda ya san kana bukatar kariya.

Mataki na uku: hujja ta tsaya a gurbin suna

Nan ne aikin yake. Mai suna yana iya cewa “na gani” a yarda da shi saboda mutuncinsa. Kai ba ka da wannan jari, don haka dole ka ba mai karatu abin da zai je ya duba da kansa.

A ce akwai wani ɗan ƙaramin asibiti a wata unguwa, an kawo gidan sauro don a raba wa masu juna biyu kyauta, ana kuma sayar da shi. Mai fushi zai rubuta: “Shugaban asibitin nan ɓarawo ne, azzalumi, kowa ya san halinsa tun a inda ya baro.” Wannan jimla babu abin da jami'in bincike zai yi da ita, lauya kuwa zai yi da yawa. Kwatanta da wannan: “An sauke katan-katan na gidan sauro ranar Talata ta farkon wata. Littafin rabo ya nuna an raba shi gaba ɗaya ga masu juna biyu. Matan da suka zo awo ranar Alhamis an ce musu ya ƙare. Mai irin wannan tambari yana nan ana sayarwa a shagon da ke kallon ƙofar asibitin. A duba sa hannun da ke littafin, a kira mata goma daga ciki a tambaye su.” Babu zagi ko ɗaya, amma ta fi ta farko haɗari ga mai laifi, kuma ba ta iya cutar da marar laifi, domin in ƙarya ce binciken zai wanke shi.

Ka raba abin da ka sani gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da takarda ta nuna, da abin da aka faɗa maka. Na ukun ko dai ka bar shi, ko ka faɗa a fili cewa ji ka yi. Kada ka shiga zuciyar mutum ka faɗi niyyarsa. Kada ka taɓa matarsa, 'ya'yansa, asalinsa ko aƙidarsa; ba su ne suka sayar da gidan sauro ba. A gari irin namu mai Musulmi da Kirista da ƙabilu iri-iri, rubutu marar suna da ya jingina laifin mutum ɗaya ga addininsa ko yarensa yana iya jawo abin da marubucin ba zai iya tsayarwa ba.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, aya ta 12 ta hana yawan zato da bin diddigi da giba. Malamai sun halatta ambaton laifin mutum a wurare ƙididdigaggu, kamar kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga cuta, amma gwargwadon bukata. Zargin zina kuwa, Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi shi bai kawo shaidu 4 ba. Ina jin zafin yadda ake ɗaukar hoton yarinya a liƙa masa labari a watsa da sunan “wata majiya”. Mai yin haka ya ɓoye wa mutane sunansa ne kawai. Ita kuwa yarinyar da sunanta take yawo, da shi za a zo neman aurenta.

Mataki na huɗu: ƙirga mutanen da suka san maganar

Yawancin waɗanda asirinsu ya tonu, ba na'ura ce ta kama su ba, lissafi ne. Wanda ka fallasa zai zauna ya tambayi kansa: su wa suka san wannan? In ku uku ne a ofis lokacin da aka yi maganar, shi ɗaya, yaronsa ɗaya, to ka riga ka sa hannu. A 2017 wata ma'aikaciya a Amurka, Reality Winner, ta aika wa wata kafar labarai takardar sirri ba tare da suna ba. Masu bincike suka ga alamar ninki a jikin hoton takardar, suka gane bugawa aka yi, suka duba suka ga mutum 6 ne kawai suka buga ta. Aka kama ta, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 5.

Saboda haka kowane bayani da za ka sa, ka tambaya: mutum nawa ne za su iya saninsa? Ka riƙe wanda mutum ashirin suka sani, ka jefar da wanda ku biyu kuka sani, ko da shi ya fi daɗin faɗa. In takarda ce da ta bi ta hannunka kai kaɗai, kada ka saki hotonta. Ka gaya wa mai bincike sunan fayil ɗin da inda yake, ya nema da kansa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardu daga hukumomin gwamnati a rubuce, ɗan jarida nagari ya san yadda ake amfani da ita.

Akwai wani ɓangare na wannan lissafi da mutane suke mantawa, kuma a wurina shi ya fi nauyi: in ba a gane ka ba, wa za a zarga? Takarda marar suna jifa ce a cikin kasuwa. Sau da yawa kan masinja take faɗawa, ko sabuwar ma'aikaciyar da ba ta da kowa, ko wanda aka san sun taɓa saɓani da shugaba. In ka san wani zai rasa abincinsa a madadinka, ka sake tsara rubutun har ya fita daga zargi, ko ka jinkirta. Sauya bayani don ka kare kanka, kamar ɓoye shekarunka ko sashen da kake aiki, babu laifi. Sauya shi don ya yi nuni ga wani, zalunci ne tsagwaronsa.

Mataki na biyar: salonka ma suna ne

Kowa yana da kalmomin da ba ya rabuwa da su. Wani kowace jimla sai ya ce “a gaskiya”, wani “wallahi tallahi”, wani yana jera alamar tambaya uku, wani kullum kuskurensa a kalma ɗaya ne. Bazazzagin da ya saba cewa “mota na ya lalace” in ya rubuta haka a wurin da abokan aikinsa Kanawa ne da Katsinawa, ya nuna kansa. A 1787 da 1788 mutum uku, Alexander Hamilton da James Madison da John Jay, sun rubuta maƙaloli 85 da suna ɗaya, Publius, don jawo hankalin jama'a su amince da tsarin mulkin Amurka. A 1964 masana lissafi biyu suka ƙirga ƙananan kalmomin da kowannensu ya saba amfani da su, suka nuna Madison ne ya rubuta waɗanda ake jayayya a kai. Abokin aikinka da kuke musayar saƙo kullum ba ya bukatar lissafi.

Ka rubuta gajerun jimloli, cikin daidaitacciyar Hausa, ba karin maganar da aka san ka da ita, ba ayar da kake yawan ja a taro. Ka bar rubutun ya kwana, ka karanta shi da murya, ka cire duk inda ka ji muryarka.

Mataki na shida: waya, kwamfuta da shagon buga takardu

Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka layi sunanka ne. A zauren WhatsApp kowa yana iya ganin lambarka. Ko Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, bai nuna ka ba, in lambar ce lambar asusunka a OPay ko PalmPay, mutum zai sa ta kamar zai tura maka kuɗi, cikakken sunanka ya fito. Sabon shafin Facebook da ka buɗe da tsohon layinka, ko a wayar da take ɗauke da lambobin 'yan uwanka, yana iya bayyana gare su a matsayin wanda wataƙila sun sani. Inda Facebook ya ba da damar rubutu a zaure ba da suna ba, masu kula da zauren suna ganin ko wane ne.

Hoton da ka ɗauka yana iya ɗauke da samfurin wayar, lokaci, har da wurin da aka ɗauka in ka bar wannan a kunne. Ka duba gefen hoton ma: yatsanka da zobe, ledar teburinka, labulen ɗakinka. Hoton allon waya yakan nuna sunan wanda ya turo maka saƙon. Fayil ɗin Word yana ajiye sunan mai kwamfutar. Kada ka taɓa amfani da kwamfutar ofis ko intanet ɗin ofis.

Sai shagunan buga takardu irin na bakin jami'a a Kongo da Samaru. Ka miƙa rubutun hannu, yaron shago ya buga, ya karanta, ya ajiye a kwamfutarsa, takardar da ta lalace ya jefa a kwali, mai jiran layi a bayanka yana leƙe. Ka fita da takarda marar suna, ka bar shaidu uku. In dole ne, ka buga da kanka, ka tsaya har a goge.

Imel sabo wanda ba a haɗa da layinka ba, da manhajar Tor, mai ɓoye daga inda mutum yake shiga intanet, ga wanda abinsa ya yi tsanani, suna taimakawa. VPN da mutane suka koya lokacin da aka rufe Twitter a 2021 ba ya ɓoye ka in ka shiga da asusunka na kullum. Kuma ka sani, ɓuya daga maƙwabci daban, ɓuya daga hukumar da take da ikon neman bayanai a kamfanin waya daban.

Mataki na bakwai: kai maganar inda za ta yi aiki

Watsawa ga duniya ba shi ne matakin farko ba. In akwai kwamitin ladabtarwa, hukumar makaranta, ƙungiyar ƙwadago ko dattijon da ake jin maganarsa, fara da nan. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai ICPC da EFCC ga abin da ya shafi dukiyar gwamnati. A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin masu kwarmata bayanai, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Ka lura, tsari ne na gwamnati, ba doka ce da majalisa ta zartar ba, don haka kada ka ɗauka garkuwa ce da za ta hana a kore ka.

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, amma ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, ana kuma iya neman diyya a kotu. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, an sha kama marubuta da 'yan jarida da shi. An yi masa gyara a 2024, amma bai gushe ba. In za ka ambaci sunan mutum, ka nuna wa lauya rubutun tukuna. Abin da ka faɗa wa lauyanka amana ce da aikinsa ya wajabta masa riƙewa.

Mataki na takwas: bayan rubutu ya fita

Sa'annan ne jarrabawa take farawa. Za a zauna a majalisa bayan isha'i ana yaba marubucin, ko ana zaginsa, kana zaune. Kada ka kare shi da zafi, kada ka soke shi fiye da kowa, kada ka gyara wa mai ba da labarin inda ya yi kuskure. Sha'awar a ce “ai kai ne” tana da ƙarfi, kuma aminin da ka gaya wa shi ma yana da amini. Yabon ba naka ba ne. In rubutun ya jawo gyara, wani zai karɓi godiya. Wannan yana cikin kuɗin da ka biya.

Ka kuma sa wa kanka ido. Mutum in ya ga ya faɗi magana babu abin da ya same shi, harshensa yakan ƙara kaifi a karo na biyu, a na uku ya fara faɗin abin da bai tabbatar ba. Duk lokacin da za ka sake rubutu, koma mataki na farko kamar ba ka taɓa yi ba.

Ka bar ƙofar da za a same ka, ko da imel ɗin nan ne, don mai bincike ya yi tambaya, wanda ka zarga kuma ya kawo nasa bayanin. In ya kawo hujjar da ta rushe wani ɓangare na maganarka, ka fito da laƙabin da ka yi zargin, a wurin da ka yi shi, ka janye a fili. Ka ajiye asalin takardunka a wurin da ba gidanka ba, ba ofis ba, wurin lauya ko wani amintacce. Kuma tun yau ka yanke wa kanka sharaɗin da zai sa ka bayyana: in an kama wani a kan abin da ka rubuta, in kotu tana bukatar shaida kuma babu mai bayarwa sai kai. In ranar ta zo, ka fara zuwa wurin lauya, ka sanar da iyalinka kafin su ji a waje, sannan ka je da takardunka a hannu.